Bindiga mai liba ta ƙi karɓar harsashi: tambayoyi da amsoshi kan ɗakin harsashi da ratar gindi

Tambayoyin nan su ne waɗanda masu lasisin bindigar farauta mai liba (hannun ƙarfen da ke ƙarƙashin bindiga, wanda ake turawa ƙasa a dawo da shi don loda harsashi) suka fi maimaitawa a ƙauyukan Kano da Jigawa, inda irin wannan bindiga ba ta kai bindigar toka yawa ba, kuma wanda ya san cikinta yana da wuyar samu. Kafin ka gwada ko ɗaya daga cikin abubuwan da ke ƙasa, juya bakin bindiga inda babu mutum ko dabba, ka yi ta jan liba har harsashi ya daina fitowa, sannan ka leƙa ɗakin harsashi, wato gurbin da harsashi ke zama a gindin bututun harbi, da bakin bututun ajiya, ka taɓa da yatsa. Harsashi yakan laɓe a bututun ajiya idan sifirin ɗinsa ya yi tsatsa, ya fito daga baya.

1. Me ke faruwa a cikin bindigar idan na ja liba?

Idan ka tura liba ƙasa, makulli ya sauka ya saki sakata, wato ƙarfen da ke toshe bayan ɗaki, sakata ta ja baya ta ɗana guduma, ƙugiyar da ke bakinta ta jawo tsohon kwanso a cilla shi waje. A daidai lokacin, harsashi ɗaya ya fito daga bututun ajiya da ke ƙarƙashin bututun harbi ya hau cokali, cokali ya ɗaga shi ya daidaita da bakin ɗaki. Idan ka dawo da liba sama, sakata ta tura harsashin cikin ɗaki, makulli ya tashi ya tokare ta.

A Winchester 94, wadda John Browning ya tsara ta fito a 1894, makullin yana tashi ne a bayan sakata. A Marlin 336, wadda ta fito a 1948, yana shiga wani gurbi a ƙarƙashin sakata ta wajen baya. Winchester 92 da Rossi R92 ta ƙasar Birazil makulli biyu gare su. Duk ta baya suke kulle sakata, kuma wannan yana da nasaba da abin da ke tambaya ta 12.

2. Mece ce ratar gindi, kuma me ya sa ake tsoronta?

Ita ce nisan da ke tsakanin fuskar sakata, bayan an kulle ta, da wurin da ke tare harsashi kada ya ƙara gaba. A harsasan .30-30, .45-70, .357 Magnum, .44 Magnum da .22 LR, leɓen da ke gindin kwanso shi ke tarewa, don haka ratar tasu gurbin da leɓen ke zama ne. A .35 Remington da .308 Winchester, waɗanda leɓensu bai zarce jikin kwanso ba, kafaɗar kwanso ce ke tokarar kafaɗar ɗaki.

Idan ratar ta yi kaɗan, liba ba za ta rufe ba. Idan ta yi yawa, liba za ta rufe lafiya lau, ba abin da za ka ji a hannu, kuma nan haɗarin yake. Harsashin .30-30 yana tashi da matsi har fam 42,000 a kan kowane inci murabba'i, kuma tagullar kwanso ce kaɗai ke toshe wannan iska mai wuta daga komowa baya. In gindin kwanso bai sami abin jingina ba, sai ya miƙe, ya sirance, wata rana ya tsinke, iskar ta biyo ta cikin sakata zuwa fuskar mai harbi. A .30-30, tsakanin rata mafi ƙanƙanta, inci 0.063, da iyakar da aka yarda da ita, inci 0.070, bambancin milimita 0.18 ne kacal, bai kai kaurin fallen takarda biyu ba.

3. Liba ta kusa rufewa sai ta cije. In matse ta da ƙarfi?

Kada ka matse. Liba tana ninka ƙarfin hannu sosai, tana iya cusa harsashin da bai dace ba har ya maƙale, ko ta danna kansa cikin kwanso, wanda ke ƙara matsi idan an harba. Buɗe ta a hankali, ka fitar da harsashin, ka bi wannan tsari. Fara rufe liba babu harsashi. In ta cije a haka ma, ɗaki ba shi da laifi: datti ne a gurbin makulli, ko wani sukuru ya kwance, ko liba ta lanƙwashe. In ta rufe sumul, dubi harsashin da ya ƙi shiga, domin duk inda ya gogu zai bar sheƙi ko zane. Zane a kan dalma yana nufin ya yi tsawo, ko akwai abu a gaban ɗaki. Zobe mai sheƙi a bakin kwanso ko wuyansa yana nuna dattin da ke tambaya ta 6. Zane a tsaye daga sama zuwa ƙasa kuwa tsatsa ce ko tsakuwa.

Daga nan haska tocila cikin ɗaki, ka kuma leƙa bututun harbi har sai ka ga haske tas daga wannan baki zuwa wancan. Kada ka manta da ɗan gurbin da ƙugiya ke shiga a gefen bakin ɗaki. Ƙwayar yashi ɗaya ko guntun ƙaiƙayi a nan ya isa ya hana sakata zama. Mafi yawan bindigogin da ake cewa ratarsu ta yi kaɗan, datti ne ko harsashi. Bindigar da ta shekara tana rufewa ba ta wayar gari ratarta ta ragu, sai in an canja mata sakata ko makulli.

4. Ta yaya zan tabbatar harsashin na bindigata ne?

Karanta rubutun da aka buga a jikin bututun harbi, ka karanta wanda ke gindin kwanso, su zo ɗaya. Tsofaffin Winchester an rubuta musu 30 W.C.F., wannan shi ne .30-30 wanda ya fito a 1895. Amma .32 Winchester Special, duk da kwansonsu kusan ɗaya ne a ido, kansa ya fi kauri, inci 0.321 maimakon 0.308, kuma zai cije a ɗakin .30-30. Haka .44-40 daban yake da .44 Magnum. Harsashin .22 Magnum ba ya shiga ɗakin .22 LR, shi kuwa .22 LR yana faɗawa ɗakin Magnum ya yi lako-lako, ya tsage idan an harba.

Ko sunan ya dace, ware duk wanda ya loɓa, ko ya yi kore, ko kansa ya nutse ko yana juyawa. In kana da ma'aunin milimita mai baki biyu irin na makanikai, .30-30 kada tsawonsa duka ya wuce milimita 64.8, kwansonsa kuma 51.8. Na .357 Magnum kada ya wuce 40.4. Harsashin da wani ya sake cikawa da hannu, ba ka san me aka zuba ba, ba ka san sau nawa kwanson ya miƙe ba, kuma yawancin cijewar da ake kawo ƙara daga irinsa take. A guje shi.

5. Yaya ake wanke ɗakin harsashi, kuma da wane mai?

A Marlin 336 abin da sauƙi: buɗe liba rabi, kwance sukurun da ke riƙe ta, zare ta, jawo sakata ta baya, ka ɗauke ɗan ƙarfen da ke cilla kwanso daga gurbinsa na hagu kafin ya faɗi cikin ƙasa ya ɓata. Yanzu kana iya shiga ɗaki kai tsaye ta baya. Winchester 94 ba ta kwancewa haka, don haka a buɗe liba a yi amfani da sanda mai lanƙwasuwa ko igiyar shara. Sa buroshin tagulla wanda ya ɗan fi ɗakin faɗi, jiƙa shi da ruwan wanke bindiga, in babu to kananzir, juya shi sau goma zuwa ashirin, a bar shi ya jiƙa minti goma, sannan a bi da ƙyallen auduga har ya fito fari. Tsinken sakace ya isa a ƙwaƙule gurbin leɓe da na ƙugiya.

Ɗaki a bushe ake harbi da shi. Kwanso yana buƙatar ya kama bangon ɗaki lokacin harbi, in akwai mai sai ya zame, nauyin duka ya koma kan sakata da makulli. Mai na wuraren da ƙarfe ke gogar ƙarfe ne: ɗigo ɗaya a mahaɗar liba, ɗaya a makulli, ɗaya a gefen sakata. Man keken ɗinki ya wadatar in babu na bindiga. Man gyaɗa, man ja da man kaɗanya suna daskarewa su zama danƙo, baƙin man inji kuma datti ne da kansa. Samfefa, magagari ko ƙusa kada su kusanci ɗaki, domin abin da aka kankare ba ya dawowa.

6. Na harba gajeren harsashi a bindigar, yanzu dogon ya ƙi shiga. Me ya faru?

Kwanson .38 Special milimita 29.3 ne, na .357 Magnum 32.8. Duk lokacin da ka harba gajeren, toka da dalma suna taruwa a wannan sarari na milimita uku da rabi da ya rage a gaba, su ƙanƙare su zama zobe. Dogon ya zo ya ci karo da zoben. In an tilasta shi, zoben ya matse bakin kwanso a kan dalma, matsi ya hau, kwanso ya ƙi fita. Haka ake samu tsakanin .44 Special da .44 Magnum, da tsakanin .22 Short da .22 LR. Maganinsa wankin da ke tambaya ta 5, sai dai a bar kananzir ya kwana a ciki, a maimaita.

Masu .22 suna da wata matsalar ta daban. Allurarta, wato ƙarfen da ke sarar harsashi ya tashi, gefen leɓe take sara, don haka in ana ɗana ta ana sakin kunama babu harsashi, a wasu bindigogin allurar tana dukan bakin ɗaki ta tayar da ɗan ƙarfe ya leƙo ciki. Za ka ga zane ɗaya a wuri ɗaya a jikin kowane kwanso. Magyari yana da ƙarfen da yake mayar da wannan tudu mazauninsa ba tare da ya yanke shi ba.

7. Harsashin bai ma kai ɗaki ba yake maƙalewa. Ratar gindi ce?

A'a, wannan matsalar ɗagowa ce. Abu na farko shi ne hannunka: liba tana son a kai ta ƙarshe da kuzari sannan a dawo da ita. Wanda ya tsaya a rabi ya juyo, cokali bai gama tashi ba, harsashi zai soki gefen ɗaki. Abu na biyu sukurori. Wanda ke riƙe ƙofar loda harsashi a gefen dama yakan kwance, ƙofar ta faɗa ciki ta tare cokali, liba ta ƙame. Bi su duka da sukudireban da ya cika bakinsu daidai, ka ɗaure ba tare da murɗe kai ba.

In harsashi biyu suna fitowa lokaci ɗaya, ko ɗaya yana shigewa ƙarƙashin cokali, ƙarfe ne ya cinye. A Marlin, kaifin liba yana sassaƙa kwari a ƙasan cokali har lokacin tashinsa ya sauya. A Winchester 94, ɗan tudun da ke tare harsashi na gaba ne yake zaizayewa. Duka biyun aikin magyari ne. Sannan bututun ajiya harsashi mai faffaɗan kai ko mai zagayayyen kai ake zuba masa. Mai tsini yana dafa idon na gabansa, wato wurin da allura ke sara a tsakiyar gindin kwanso, girgizar harbi tana iya tayar da shi a cikin bututun, a daidai inda hannunka na hagu yake riƙe.

8. Bayan harbi liba tana yin tauri, ko ƙugiya ta zame ta bar kwanso a ciki.

Dubi kwanson da ya fito. In jikinsa ya yi ƙuraje-ƙuraje ko dishi-dishi, tsatsa ta ci bangon ɗaki, tagulla tana shiga ramukan ta riƙe. In jikinsa sumul ne amma idon ya baje ya cika gurbinsa, ko hoton fuskar sakata ya fito a gindinsa, matsi ne ya yi yawa: daina harba wannan harsashi, kuma kada ka bar harsashi cikin mota ko a rana lokacin bazara. In kwanson lafiyarsa ƙalau sai dai an gutsure leɓensa, ko babu ko alamar kamu, ƙugiya ce ta dakushe ko datti ya cika ƙarƙashinta. Kwanson da aka riga aka harba ana iya turo shi da sandar shara ta bakin bindiga, liba a buɗe. Wanda ba a harba ba, duba tambaya ta 13.

9. Wace alama kwanso ke nunawa idan rata ta yi yawa?

Tara kwanso biyar na sabon harsashin kamfani da ka harba, ka tsayar da su a kan gilashi. Alama ta farko ido ne da ya turo waje, kwanso yana rawa ya ƙi tsayawa daidai. Dalilinsa: allura ta tura harsashi gaba, jikin kwanso ya kumbura ya kama bango a can, ido kuma ya ja baya har ya taɓa sakata. A harsashi mai matsakaicin matsi kamar .30-30 kwanson yakan tsaya a gaba, idon ya zauna a waje, kuma gwargwadon fitowarsa kusan gwargwadon sararin da ke bayan leɓe ne. Ɗan abin da farce kaɗai ke ji ana yawan ganinsa a tsofaffin bindigogi. Wanda ido ke gani daga nesa kuwa, a ajiye bindigar sai an auna.

Alama ta biyu ta fi muni: siririn zobe mai haske da ya kewaye kwanso, rabin santimita zuwa santimita ɗaya daga leɓe. Lanƙwasa bakin siririyar waya, ka zura cikin kwanson, ka ja ta a jikin bango. In ta faɗa wani kwari daidai wurin zoben, tagullar ta sirance, saura kaɗan ta tsinke. Ta uku ita ce ƙin tashi jefi-jefi tare da sara marar zurfi a ido, ko da yake wannan yana iya zama raunin sifirin guduma ko danƙo a ramin allura. Kumburi a gefe ɗaya na kwanso kuwa faɗin ɗaki yake nunawa, ba rata ba.

10. Yaya ake aunawa da geji?

Geji ƙarfe ne mai siffar gindin harsashi, guda uku, an buga wa kowanne suna. Na .30-30: GO inci 0.063 ko milimita 1.60, NO-GO inci 0.067 ko 1.70, FIELD inci 0.070 ko 1.78. A .22 LR rata tana farawa daga inci 0.043, iyakarta 0.051. Kowane harsashi da nasa gejin, ba a aron na wani sai wanda leɓensu ɗaya.

A wanke ɗaki da fuskar sakata tas tukuna, domin datti yana sa bindiga mai rata ta ci jarrabawa. A cire ƙugiya, in ba za a cire ba a saƙala leɓen geji ƙarƙashinta da hannu, kada a bari ta haye shi da ƙarfi. Sannan a ɗago liba da yatsa biyu kawai, a tsaya da zarar an ji turjiya. Dole ta rufe a kan GO. In ta ƙi rufewa a kan NO-GO, madalla. In ta rufe a kansa amma ta ƙi FIELD, bindigar ta tsufa amma tana cikin iyaka: sabon harsashin kamfani kaɗai, a riƙa duba kwanso, a sake aunawa duk shekara. In ta rufe a kan FIELD, harbi ya ƙare sai an gyara. Mai aunawa ya lura da makulli ko ya kai ƙarshen tashinsa, kada ya dogara da ƙarar liba, domin a Marlin akwai ɗan maɓalli mai sifirin da ke kama liba, yana iya ɓoye turjiyar.

11. Babu geji a kusa. An ce a liƙa salatif a gindin harsashi a gwada.

Kada a gwada da harsashi mai rai ko kaɗan. Ko da kwanson wofi ne, salatif yana matsewa, kaurinsa ba ɗaya ba ne, kaurin leɓe ma yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, ga liba mai murƙushe komai. Abin da ake nema bai kai kashi biyu cikin goma na milimita ba, salatif ba zai faɗa maka shi ba. In babu geji, shaidar kwanso ta tambaya ta 9 ta fi shi gaskiya.

12. Me ke sa rata ta ƙaru, kuma tana gyaruwa?

Tun da ta baya ake kulle sakata, kowane harbi yana ɗan matse ta, yana kuma jan gangar jikin bindigar. Shekaru da yawa na haka, musamman da harsashi mai zafi ko ɗaki mai mai, suna cinye fuskar makulli da gurbinsa. Ƙurar hunturu da ta cakuɗu da mai tana saurin zaizaye su. Wani lokaci kuma an ɗauko sakata ko makulli daga wata bindigar an sa, alhali kowacce da nata aka daidaita ta.

Tana gyaruwa ta hanya biyu. Mai sauƙin ita ce a sa makulli mai ɗan ƙarin kauri, a daidaita shi da geji. Mai wuyar ita ce a kwance bututun harbi, a rage gindinsa ya ƙara shiga da zagaye ɗaya cif, a sake yanka ɗaki da gurbin ƙugiya, a kuma daidaita bututun ajiya da katakon gaba. Wannan sai injin da ya dace da wanda ya ƙware. In gangar jikin ce ta miƙe ko ta tsage, bindigar ta gama aiki. Abin da muke roƙo a bari shi ne kai makulli wurin mai walda ya ɗora masa ƙarfe, ko maƙeri ya buga shi ya faɗaɗa. Wuta tana kashe taurin da aka ba ƙarfen a kamfani. Zai rufe daram a ranar, ya lotsa ko ya fashe daga baya, kuma idon mai harbi yana bayansa kai tsaye.

13. Kwanso ya tsinke a ciki, ko harsashi mai rai ya maƙale. Me zan yi?

In gindi ya fito ya bar gangar kwanso, tura sabon buroshin tagulla mai ɗan kauri ta baya har ya shige cikin guntun, sannan ka ja. Gashin buroshin yana juyewa ya kama shi. In ya ƙi, akwai ƙarfen ciro tsinkakken kwanso wurin magyari. Kada a ƙwaƙule da sukudireba. Ko ya fita, ba a sake harbi sai an yi awon tambaya ta 10.

Harsashi mai rai kuwa ba a zura sanda ta baki a doke shi, ba a kuma dukan liba da itace. Bakin bindiga yana kallon ƙasa mai taushi, yatsa nesa da kunama, a fitar da sauran harsasan ta hanyar cire murfin bututun ajiya, a yi hattara da sifirin da zai yi tsalle, sannan a kai ta wurin magyari a gaya masa tun daga ƙofa cewa akwai harsashi a ciki. In ka ja kunama ba ta tashi ba, riƙe ta tana kallon gaba daƙiƙa talatin kafin ka buɗe. In ta tashi da ƙaramar ƙara ba kamar kullum ba, kada ka sake lodawa: mai yiwuwa dalmar ta tsaya a tsakiyar bututu, harbi na biyu a kanta yana fasa shi.

14. Wa doka ta yarda ya gyara mini?

Dokar makamai ta 1959 ta ɗora lasisin bindigar farauta mai harsashi a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, na bindigar toka kuma a hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ta hana ƙera, haɗa ko gyara bindiga da harsashi sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko wurin wanda aka ba izinin gyara. Wannan ya shafi sake cika harsashi a gida. Dokar ta kuma ware bindigogi masu faɗin baki milimita 7.62, milimita 9, inci .300 da inci .303 a rukunin na soja, don haka mai .30-30 ya tabbatar a wane rukuni aka rubuta tasa. Je da lasisinka hedikwatar 'yan sanda ta Bompai a Kano ko ta Dutse a Jigawa, ka nemi sashen makamai su nuna maka mai izini. Tafi da kwanson da ka tara da kwalin harsashin, za su rage masa lalube.

15. Wace irin ajiya ce ke hana waɗannan matsaloli dawowa?

Da damina tsatsa ce abokiyar gaba. Bindigar da ta sha raɓa a fadamun Haɗeja ko ta kwana jingine da bangon ƙasa, ɗakinta yana iya yin ja cikin kwana kaɗan. A shafa mai siriri a ɗaki da bututu in za a ajiye, a goge shi tas kafin a fita. Kada a bar ta cikin kuben fata ko buhun leda, suna riƙe laima. Da hunturu a rage mai, a nannaɗe gangar jikin da ƙyalle mai tsabta. Kada a bar harsashi ya yi watanni a ɗaki, tagulla tana yin kore ta manne.

Zanzaro yana son bakin bindigar da aka rataye, yakan cika shi da laka cikin 'yan kwanaki. A ɗaura ƙyalle ta waje, kada a cusa tsumma ciki, domin wanda aka cusa shi ake mantawa. Duk ranar da za a ɗauko ta, a buɗe liba a leƙa bututu daga baya zuwa baki kafin harsashi na farko ya shiga.